Toshewar Kunne Bayan Mura: Sharhi Daga Gallabat

Da zarar damina ta janye daga ƙasar Gadarif a watan Oktoba, aka shiga yankan riɗi, dawa ta biyo baya, sai yanayin Gallabat ya juya. Rana ta gasa mutum da azahar, asuba ta zo da sanyin da ke sa a lalubi bargo, ƙurar sussuka da ta manyan motoci ta tsaya cik a iska. Garin yana bakin iyakar Sudan da Habasha, gada ce kawai a kan ƙorama ta raba shi da Metema, kuma a wannan lokaci ya fi cika: 'yan ƙwadago masu gangarowa daga tuddan Habasha don aikin girbi, direbobi, fatake, ga kuma bayin Allah da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya raba da gidajensu. Inda jama'a suka cunkushe, ana kwana ɗaki ɗaya, ana shan shayi da kofi ɗaya, mura ba ta sallama kafin ta shiga. Atishawa da majina kan wuce cikin mako guda ko kwana 10. Abin da kan rage, har ya fi murar kanta damun mutum, shi ne kunne. Ya yi dum, maganar mutane ta yi nisa, muryar mutum ta riƙa yi masa amo a cikin ka, in ya haɗiyi yawu ya ji ƙas-ƙas, kunnen ya buɗe na ɗan lokaci ya sake rufewa.

Gallabat ba baƙon wuri ba ne ga mutanenmu. Mahajjatan da suka fito daga Darfur da ƙasashen yamma da ita, waɗanda Larabawa ke kira Takarir, sun daɗe da yada zango a nan, wasu suka zauna suka kafa gari da kasuwa, har Baturen nan matafiyi Samuel Baker ya tarar da su a 1862. Bayan yaƙin Burmi na 1903, ayarin da ya biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙara yawan Hausawa da Fulani a Sudan, kuma har gobe ana jin Hausa a ƙauyuka da kasuwannin jihar Gadarif. Mutanen sun zo da harshensu, sun zo da magungunan gidansu, suka tarar da na 'yan ƙasa suka haɗa. In kunne ya toshe, abin da aka gada shi ne a ɗiga masa wani abu. Za ka ga tsohuwa ta zuba man riɗi a cokali, ta kara a kan garwashi, ta ɗiga a bayan hannunta ta ji ɗuminsa, ta kwantar da kan jikanta a cinya tana cewa, "Kwanta, mijin nawa, yanzu zai buɗe." Wasu ruwan albasa suke matsawa, wasu tafarnuwa, wasu nonon uwa. Maza kuwa sai ka ga an zaro tsinken ashana ko gashin kaza ana ta sakacen kunne a bakin rumfa.

Babu mai shakkar ƙaunar da ke cikin wannan cokali. Sai dai duk waɗannan dabaru ƙofa ɗaya suke bi, wato ramin kunne, alhali kunnen da mura ta toshe ba ta nan ya toshe ba. Ƙofarsa tana bayan hanci. Wanda ya gane wannan ya huta da rabin wahala, ya kuma tsira daga ɓarnar da ake yi wa kunne da sunan magani.

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje, ramin da ake gani, wanda ya ƙare a jikin wata siririyar fata, dodon kunne. Bayan dodon akwai ɗan ɗaki cike da iska, a cikinsa akwai ƙananan ƙasusuwa uku masu miƙa motsin sauti zuwa ciki. Can ciki kuma jijiyar ji take, tare da sashen da ke tsayar da mutum daidai kada jiri ya kwashe shi. Dodon kunne mai lafiya a rufe yake ruf, mai ko ruwa ba ya ratsa shi. Iskar ɗakin tsakiya ta wata 'yar hanya take shiga, wadda tsawonta a jikin babba ya kai kimanin santimita 3 da rabi, ta taso daga ɗakin ta ɓulla a bayan hanci, saman maƙogwaro. Likitoci na kiranta da sunan Bartolomeo Eustachi, masanin ƙirar jiki na Italiya da ya bayyana ta a ƙarni na 16. Yawancin lokaci a rufe take. Sai an haɗiyi yawu ko an yi hamma, tsokokin ganda su ja ta, ta buɗe na ƙiftawar ido, iska ta shiga. Muna yin haka dare da rana ba mu sani ba.

Mura kan kumbura fatar cikin hanci tun daga ƙofa har zuwa bakin wannan hanya, majina ta taru a wurin, hanyar ta ƙi buɗuwa. Iskar da ta maƙale a ɗakin tsakiya sai jiki ya riƙa tsotse ta sannu a hankali. Matsin ciki ya ragu, iskar waje ta danna dodon kunne ya lotsa, ya ɗaure, ya kasa kaɗawa yadda ya saba. Wannan ne dum ɗin da ake ji. In abin ya ɗauki kwanaki, sai ruwa ya tsattsafo daga bangon ɗakin ya cike gurbin iskar. Ruwan nan ba mugunya ba ne, sau da yawa ba ya ciwo, amma yana rage ji, kuma yakan yi makonni bayan murar ta tafi kafin ya janye.

Mutanen Gallabat suna da wata hujja ta wannan bayani da mutanen Kano ko Maradi ba su da ita, domin a gindin tudu suke. Metema ba ta wuce mita 700 sama da teku ba, Gondar kuwa ta haura mita 2,000, kuma mota na cinye wannan tazara cikin 'yan sa'o'i. Duk wanda ya shanye ruwan roba a can sama, ya ɗaure murfin da kyau, ya ajiye robar a gefen kujera, kafin ya iso gadar iyaka zai tarar ta lotse ta motse, domin iskar ƙasa ta fi ta tudu nauyi, kuma ba ta sami hanyar shiga ba. Abin da ya sami robar shi ke samun dodon kunnen mai mura a kan wannan hanya. Hawa bai cika wahalarwa ba, don iska ta fi sauƙin fita daga kunne. Gangarowa ce fitina. Bambancin matsin da ke tsakanin Gondar da Metema ya yi kusa da wanda fasinja ke ji in jirgin sama zai sauka, illa dai na mota a hankali yake zuwa. Shi ya sa direba ko ɗan ƙwadago da ya taso da mura daga tudu yakan iso kasuwa kunnuwansa a toshe, wani har da suka, ya zata wata sabuwar cuta ce ta kama shi a hanya.

To me ke buɗe shi? Na farko, kuma mafi arha, shi ne sa hanyar ta yi aikinta. A yawaita haɗiyar yawu, a yi hamma ko da ta ganganci ce, a tauna cingam, a tsotsi alewa ko dabino, a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Matafiyi ya fara tun motar ba ta soma gangara ba, kada ya yi barci a lokacin saukowa, don mai barci ba ya haɗiya sosai. Jariri a ba shi nono a daidai wannan lokaci, a mota ko a jirgin Makka. Sai dabarar da ake jingina wa likitan Italiya Antonio Valsalva, wanda littafinsa kan kunne ya fito a 1704: a toshe hanci da yatsu biyu, a rufe baki, a hura iska a hankali zuwa hancin har a ji kunne ya yi ɗas. Kalmar da za a riƙe a nan ita ce a hankali. Wanda ya yi yunƙuri da ƙarfinsa duka yana iya tura majina cikin kunne, ko ya yi wa dodon rauni. In an gwada sau biyu ko uku bai buɗe ba, a bari sai an jima. In kunnen na suka ko yana zubar da ruwa, kada a gwada sam. Akwai wadda ta fi ta laushi, ta likitan Ingila Joseph Toynbee: a toshe hanci, a haɗiyi yawu ko kurɓin ruwa. Ni ita na fi so ga tsofaffi da yara masu wayo, domin ba ta da yunƙuri a ciki. Fyace majina ma da ƙa'ida: ƙofa ɗaya a lokaci guda, ba da ƙarfi ba.

Na biyu shi ne rage kumburin hanci, kuma a nan Musulmi ba ya bukatar a koya masa komai, tun da sau biyar a rana yana shaƙa ruwa yana fyacewa. A tafasa rabin lita na ruwa, a bari ya huce, a narkar da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri wanda ba a yi masa tozo ba. A wanke hannu, a zuba a tafi, a shaƙa ta ƙofa ɗaya a bari ya fito, a koma ɗayar, sau biyu ko uku a rana, kuma kullum a haɗa sabo. Ruwan gishiri yana sassauta majina, yana wanke ƙura, ba ya raɗaɗin da tsurar ruwa ke yi. Tafasawar ba ƙawa ba ce. Yankin Gadarif ya san ƙarancin ruwa, gidaje da yawa daga hafira ko tankin 'yan ga-ruwa suke sha, kuma ruwan da ya daɗe kwance cikin zafi yana iya ɗaukar wata ƙwayar halitta da ke bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take kama mutum ba, amma a Karachi ta Pakistan ta yi ta kisa, saboda haka wanda zai shaƙa ruwa har can ciki don magani ya tafasa shi. Mai azumi kuma ya bari sai bayan buɗa-baki, don malamai sun yi gargaɗi kan abin da ya bi ta hanci ya kai maƙoshi.

Sirace fa? Ana lulluɓa da zane a kan tukunyar ruwan zafi, wasu su jefa ganye ko bagaruwa a ciki. Mutum yakan ji sanyi a ransa, hanci ya ɗan saki, amma binciken likitoci bai nuna yana gaggauta warkewa ba, kuma yara da dama sun ƙone ta dalilinsa, tukunya ta kife musu a cinya. Babba in ya ga dama ya yi da lura. Yaro kada a yi masa. Shayin citta, zoɓorodo mai ɗumi, zuma ga wanda ya haura shekara ɗaya, duk suna da daɗi ga maƙogwaro, suna kuma sa haɗiya, wadda ita ce abin da ake nema. Tsumma mai ɗumi a kan kunne yana rage zugi. Wataƙila ma ɗumin nan ne asirin man riɗin kaka, kuma ana iya samunsa daga waje ba tare da an ɗiga komai ba.

A kantin magani ne aka fi yin asarar kuɗi. Mutum ya shigo ya ce, "Malam, a ba ni na ɗigawa a kunne, da kafso mai ƙarfi." Mai kanti na kirki ba zai miƙa hannu kan kanta ba sai ya tambaya: "Alhaji, ka yi mura kwanan nan? Yana ciwo? Yana zubar da ruwa? Ɗaya ne ko duka biyun?" In amsar ita ce mura ce kawai, ba ciwo, ba ruwa, to maganin ɗigawa a kunne ba shi da aikin yi, zai je ya tsaya ne a jikin dodon kunne. Kafson kashe ƙwayoyin bakteriya ma haka, domin mura bairas ke kawo ta, irinsa ya haura 200, kuma babu wanda amoksisilin ke taɓawa a cikinsu. Shansa ba bisa dalili ba yana kawo gudawa, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin, ranar da aka bukace shi da gaske ya ƙi ci.

Abin da kan taimaka wa babba shi ne maganin fesawa ko ɗigawa a hanci mai sace kumburi, irin su zailometazolin da ake sayarwa da sunan Otrivin. Yana buɗe hanci cikin mintuna, kuma ya fi amfani in an fesa rabin sa'a kafin gangarowa daga tudu ko kafin jirgi ya fara sauka. Amma yana da tarko: in aka wuce kwana 3 zuwa 5 ana amfani da shi, hanci yakan saba, da ya sake shi sai ya toshe fiye da da, mutum ya koma ba ya barci sai da kwalbar a ƙarƙashin matashi. Ƙwayoyin mura na haɗiya masu sudo'efedirin suna ɗaga hawan jini, suna sa bugun zuciya da rashin barci, don haka ba na mai hawan jini ba ne, ko mai ciwon zuciya, ko mai juna biyu. Masu fenilefirin kuwa, waɗanda suka cika kantuna, a watan Satumbar 2023 kwamitin masana na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ya yanke cewa na haɗiyar ba ya buɗe hanci. Maganin mura na kanti gaba ɗaya ba a ba wa yaron da bai kai shekara 6 ba. Don ciwo, farasitamol ya isa. Asfirin ba na yara ba ne. Ibufurofen yana aiki, amma mai gyambon ciki ya guje shi, kuma a jihar da ta ga annobar zazzaɓin dengi a 2023, duk mai zazzaɓin da ba a tantance ba ya tsaya kan farasitamol, don ibufurofen da asfirin suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai dengi.

Man riɗi da man zaitun suna da gurbinsu, kada a zalunce su. In dauɗar kunne ce ta bushe ta toshe ramin, kuma dodon lafiyayye ne, ɗigon mai yana tausasa ta. Matsalar ita ce daga waje ba wanda ya san ko dodon ya huje. In ya huje, man da ruwan albasa da nonon za su wuce kai tsaye cikin ɗakin tsakiya da duk ƙazantar da suka ɗauko. Hatta wasu magungunan ɗigawa na kanti, masu jentamaisin ko niyomaisin, suna iya lahanta jijiyar ji in suka bi ta hujin. Tsinken ashana da gashin kaza da auduga mai sanda kuwa ba su da wata kariya da zan ba su: suna cusa dauɗa ciki, suna kuje fata, kuma in wani ya bangaji gwiwar hannu tsinken ya wuce. Garin neman gira ake rasa ido.

Maganar yara ta fi ta manya nauyi, kuma ita ta fi damuna. Hanyar da ke tsakanin hanci da kunne a jikin jariri rabin ta babba ce, kuma a kwance take maimakon ta gangara, ga tsokar bayan hanci da kan yi girma a shekarun ƙuruciya ta tare bakinta. Shi ya sa kusan yara 8 cikin 10 sukan tara ruwa a bayan dodon kunne aƙalla sau ɗaya kafin su cika shekara 4. Yawanci yakan janye da kansa cikin wata 3. Amma yaro ba ya cewa kunnena ya toshe. Sai dai a kira shi ya ƙi waiwayowa, a aike shi ya kawo wani abu dabam, a makarantar allo a biya masa ya maimaita ba daidai ba. Sai a ce kunnen ƙashi gare shi, a kai masa mari, kuma marin a kan kunnen yake sauka, wanda shi kaɗai ya isa ya fasa dodon. Ina roƙon iyaye da malamai, yaron da ya canza hali bayan mura, a tsaya ta bayansa a kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa, ta dama sannan ta hagu, kafin a ɗaga masa hannu. In wata 3 ya wuce bai dawo daidai ba, ko maganarsa ta yi jinkiri, a kai shi a duba. A Ingila an gwada wata balan-balan ta musamman da yaro ke hurawa da hanci, a kan yara 320 masu shekara 4 zuwa 11, aka buga sakamakon a 2015: bayan wata 3, kusan rabin masu hurawa sun warke, a cikin waɗanda ba su hura ba kuwa kashi 38 cikin 100. Ribar ba ta da yawa, amma ta tabbatar da cewa ta hanci ake isa wurin, kuma magungunan mura na sha an gwada su kan wannan ruwa ba su tsinana komai ba.

Wani lokaci ruwan yakan kamu da ƙwayoyin cuta ya zama mugunya. A nan ne yaro ke tashi tsakar dare da kuka, jiki zafi, yana jan kunne. Sai wata safiya a ga ruwa a kan matashi, kukan ya tsaya, uwa ta yi hamdala. Hutun na gaske ne, amma dalilinsa shi ne dodon ya fashe. Irin wannan ne ke bukatar ma'aikacin lafiya, kuma a nan ne amoksisilin ke da aiki, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta kula da ƙananan yara. Hujin kan rufe da kansa in an bar kunnen a bushe, ana tsane bakinsa da tsabtataccen ƙyalle, ana kare shi daga ruwan wanka da na ƙorama. In zubar ta kai mako 2, ta zama mai naci, kuma ita ce ke cinye jin yara a ƙasashenmu a ɓoye. Hukumar ta ƙiyasta a 2004 cewa mutum miliyan 65 zuwa 330 ne ke fama da ita a duniya. Abin da ke rage ta sananne ne: nonon uwa zalla wata 6, kada a ba jariri bulumboti yana kwance, allurar rigakafin ƙyanda da ta ciwon huhu, waɗanda yaƙi ya sa yara da yawa suka rasa, da kuma fitar da yaro daga hayaƙi. Gidajen Sudan gidajen turare ne, gahawa ba ta cika sai da turaren wuta, ga gawayi, ga sigari da shisha. Ba a ce a bari ba, amma yaro mai mura a ɗauke shi daga ɗakin har hayaƙin ya fita.

Ba kowace toshewa ce ta mura ba, ko da ta zo tare da ita, kuma a nan ne haƙuri ke zama kuskure. Wanda ke shan kwinin don zazzaɓin cizon sauro yakan ji kunnuwansa biyu suna ƙugi, ji ya ragu, kuma yakan dawo bayan an gama magani. Allurar jentamaisin da sitireptomaisin, da faromomaisin da ake haɗawa a maganin kala'azar, cutar da ta daɗe a ƙauyukan Gadarif, su ma suna iya taɓa ji. Mai karɓarsu da ya ji canji ya gaya wa likitansa nan take, kada ya yanke maganin da kansa. Babba kuma da kunnensa ɗaya tak ya toshe ya ƙi buɗewa makonni, musamman in akwai jini a majina ko ƙullutu a wuya, a leƙa bayan hancinsa, domin ciwon daji na wannan gurbi yakan fara da haka. Kumburi mai zafi a bayan kunne har ya turo shi gaba, karkacewar baki, jiri mai kayarwa, ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ko zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 3 ba, duk na asibiti ne a ranar, ba sai gobe ba.

Akwai guda da ta fi duka yaudara. Mutum ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, sau da yawa da ƙara a ciki, ba ciwo, sai ya ce ai murar ce, ya zauna jira. Alhali jijiyar ji ce ta samu matsala, kuma maganinta, wanda likita ke bayarwa, ya fi ci a kwanakin farko. Bayan mako 2 damar tana raguwa ƙwarai. Akwai gwajin da ba ya bukatar na'ura. A rufe baki a yi gunji, "mmm", a saurara. In sautin ya fi ƙarfi a kunnen da ya toshe, alama ce toshewar ta iska ce ko ruwa ko dauɗa, jijiya na nan lafiya. In kuwa sautin ya koma kunnen mai lafiya, wanda ya toshe ya yi shiru, to ba maganar cingam da ruwan gishiri ba ce. Gwajin ba ya maye gurbin likita, amma a garin da ƙwararren kunne ke da nisa, yana gaya wa mutum ko ya jira ko ya nemi mota.

Duk wannan rarrabewa da 'yar fitilar leƙa kunne ake yinta cikin minti ɗaya, kuma kuɗinta bai kai na maganin da ake ɓarnatarwa a kan toshewar kunne a kaka guda ba. Ina kira ga hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji masu aiki a bakin iyakar nan su tabbata kowace cibiya tana da ita, da ma'aikacin da aka koya wa gane dodon da ya lotsa daga wanda ya kumbura ko ya huje. Kai kuma mai karatu, in kunnenka ya toshe bayan mura, ba ciwo, ba ruwa, ba jiri, ka wanke hanci, ka yawaita haɗiya, ka bar ramin kunne ya huta, ka ba shi mako 2 zuwa 3. In bai buɗe ba ka je a duba. In kuwa ɗaya ne ya ɗauke farat ɗaya, gunjinka ya koma ɗaya gefen, daga Gallabat zuwa Gadarif kimanin kilomita 150 ne ta Doka: ka kama hanya a ranar.